Na Musulunta, Yaya Zan Fara Salla? Tambayoyi da Amsoshi Domin Sababbin Musulmi

Tambayoyin nan su ne suke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa maza da mata da suka karɓi Musulunci da girmansu. Yawancin amsoshin a kan mazhabar Imam Malik aka gina su, domin ita za ka fi tararwa a masallatan Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi. Inda akwai wata fahimta da za ka ci karo da ita a sahu, an ambace ta. Ana magana da "kai", amma ke ma 'yar'uwa da ke ake, sai inda hukunci ya bambanta.

Yau na yi kalmar shahada. Yaushe salla ta hau kaina?

Daga lokacin da ka furta shahada. Idan da hantsi ka musulunta, Azahar ce sallarka ta farko. Idan bayan faɗuwar rana ne, Magariba. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya ce masa ya fara kiran mutane zuwa ga shahada, idan sun amsa sai ya sanar da su cewa Allah Ya wajabta musu salloli biyar a kowane yini da dare. Babu wani zango da aka sa a tsakani.

Mutane da yawa sukan ce bari su haddace komai tukuna, kada su yi wa Allah ibada da kuskure. Niyyar tana da kyau, amma shawarar ba ta da kyau. Wanda ya ce sai ya iya zai fara, yakan wayi gari wata uku sun shige goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Ka fara da abin da ke hannunka yau. Amsar da ke kan rashin haddar Fatiha ta faɗi abin da za ka karanta kafin ka iya.

Sallolin shekarun da na yi kafin in musulunta fa, sai na rama su?

A'a, ko ɗaya. Lokacin da Amru ɗan Asi ya zo yin mubaya'a, ya nemi sharaɗin a gafarta masa abin da ya wuce, sai Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi. Aya ta 38 a Suratul Anfal ma haka ta nuna. Ba salla, ba azumi, ba zakka da ake bin ka na baya.

An ce sai na yi wanka. Wane irin wanka ne, kuma sai na yi kaciya ko na sake suna?

Wankan ibada ne, irin wanda ake yi na janaba. Annabi (SAW) ya umarci Ƙaisu ɗan Asim da ya yi wanka da ruwa da ganyen magarya lokacin da ya musulunta. Ganyen ba sharaɗi ba ne, ruwa mai tsarki ya wadatar. Ka yi niyya a zuciya, ka wanke hannuwa da al'aura, ka yi alwala, ka zuba ruwa a kai sau uku har ya ratsa tushen gashi, sannan ka game jiki duka da ruwa kana cuɗawa, ɓangaren dama kafin na hagu. Ka kula da hamata, cibiya, bayan gwiwa da tsakanin yatsu. Mace ba sai ta tsefe kitso ba matuƙar ruwa zai kai fatar kai. Ummu Salama ta tambayi wannan, aka ba ta wannan amsa.

Kaciya sunna ce mai ƙarfi ga namiji, amma ingancin sallarka bai rataya a kanta ba. Ka ci gaba da salla, ka nemi likita idan ka shirya. Suna kuwa ba a tilasta canza shi sai idan ma'anarsa ta saɓa wa tauhidi. Tsagar gado ko zanen da ke jikinka tun da can ba sa hana wanka ko alwala inganta.

Salloli nawa ne, raka'a nawa, kuma da wane lokaci?

Biyar ne, raka'a 17 gaba ɗaya. Asuba raka'a biyu, daga ketowar alfijir zuwa fitowar rana. Azahar huɗu, daga lokacin da rana ta gota daga tsakiyar sama. La'asar huɗu, idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da take nan tun tsakar rana. Magariba uku, da zarar rana ta faɗi. Isha'i huɗu, bayan jan da ke yamma ya ɓace. A daren Isra'i da Mi'iraji aka farlanta su, kafin hijira zuwa Madina. Hamsin ne da farko, aka sauƙaƙa zuwa biyar, ladan hamsin ɗin yana nan.

Ba sai ka tsaya auna inuwa ba. Kiran sallar masallacin unguwarku ya ishe ka, ko manhajar lokutan salla a waya idan ka sa mata sunan garinku daidai. Ana bayyana karatu a Asuba da raka'o'i biyun farko na Magariba da Isha'i, sauran a ɓoye. Ranar Juma'a, namiji mazaunin gari yana zuwa masallacin Juma'a ya saurari huɗuba ya yi raka'a biyu a madadin Azahar. Ba wajibi ba ce a kan mace, amma idan ta je ta isar mata.

Yaya ake alwala?

Ka yi niyya, ka ce Bismillah, ka wanke tafukan hannu sau uku. Ka kurkure baki, ka shaƙa ruwa a hanci ka fyace. Ka wanke fuska daga matsirar gashin kai zuwa haɓa, daga kunne zuwa kunne. Ka wanke hannun dama har gwiwar hannu, sannan na hagu, kana tsettsefe yatsu. Ka shafi kai daga goshi zuwa ƙeya ka dawo, ka shafi kunnuwa ciki da baya, sannan ka wanke ƙafafu har idon sawu. Asalin wannan yana cikin aya ta 6 a Suratul Ma'ida.

Sau ɗaya idan ya game gaɓa ya wadatar, na biyu da na uku ƙarin lada ne. Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne diddige da gwiwar hannu, musamman lokacin hunturu da ruwa ke da sanyi. Kada ka bar gaɓa ta bushe kafin ka je ta gaba. Jan farce na kwalba da fenti da duk abin da ke hana ruwa taɓa fata sai an cire. Lalle ba ya hanawa. Buta guda ta ishe ka har da saura.

Me ke karya alwala? Kullum ji nake kamar tawa ta karye.

Fitsari, bayan gida, tusa, maziyyi (ruwan da ke fita lokacin sha'awa), barci mai nauyi, da gushewar hankali ta suma ko maye. A wurin malaman Malikiyya akwai kuma shafar azzakari da cikin tafin hannu, da taɓa mace don jin daɗi. Cin abinci, magana, ko yanke farce ba sa karya ta, kuma alwala ɗaya tana iya kai ka salloli biyu ko fiye. Saduwar aure da fitar maniyyi kuwa wanka suke wajabtawa, irin wanda aka siffanta a sama.

Shi wannan ji na "kamar ta karye" da yake dawowa kullum, waswasi ne, kuma yana yawan kama wanda yake son ya gyara ibadarsa. An kai wa Annabi (SAW) ƙarar mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita masa a salla, ya ce kada ya fita sai ya ji sauti ko wari. Malaman da suke ganin shakka tana karya alwala su ma sun cire mai yawan kokwanto daga wannan hukunci. Idan kana maimaita alwala sau uku kafin salla guda, ka daina.

Idan babu ruwa, ko ciwo ya hana ni taɓa shi?

Sai taimama. Ka yi niyya, ka bugi ƙasa mai tsarki ko dutse da tafukanka, ka shafi fuska, ka sake bugawa ka shafi hannuwa zuwa gwiwar hannu. Wasu malamai suna tsayawa a bugu ɗaya da wuyan hannu, shi ma ya inganta. Tana tsayawa a madadin alwala da wanka duka, har a sami ruwa ko a warke.

Wane irin kaya zan sa, kuma a ina zan yi salla?

Ba a ɗora maka sayen babbar riga ko jallabiya ba. Kayanka na yau da kullum sun isa idan suna da tsarki. Mafi ƙarancin abin da namiji zai rufe shi ne daga cibiya zuwa gwiwa, amma ka sa riga domin gaban Ubangijinka za ka tsaya. Mace tana rufe jiki duka ban da fuska da tafukan hannu, da tufa mai kauri wadda ba ta matse ta ba. Hijabi da zane sun biya buƙata. Wuri kuwa, ko'ina ne mai tsarki: ɗaki, shago, gona, gefen tasha. Darduma ba sharaɗi ba ce. Idan fitsarin yaro ko wata najasa ta taɓa kaya, wurin kawai za a wanke.

Ina ne alƙibla?

Ka'aba ce, a Makka. Daga Kano, Sakkwato, Zariya, Maraɗi ko Damagaram, gabas ce mai ɗan karkata zuwa arewa. Haka ma daga Kumasi da Accra. Wanda ke Khartoum kuwa arewa maso gabas zai fuskanta sosai. Mafi sauƙi shi ne ka duba inda masallacin kusa da kai ya fuskanta. Idan kana baƙon wuri, ba wanda za ka tambaya, ka yi iya ƙoƙarinka ka yi salla. Kada lokaci ya fita kana neman gabas.

A yi mini bayanin sallar kanta, daga farko har sallama.

Ka tsaya ka fuskanci alƙibla, ka ƙudurta a zuciya wace salla za ka yi. Niyya ba sai an furta ta da baki ba. Ka ɗaga hannuwa daidai kafaɗa ka ce "Allahu Akbar". Wannan ita ce kabbarar harama, daga ita babu magana, babu ci, babu waige. Ka karanta Fatiha, sannan wata sura. Ka yi kabbara ka sunkuya, tafukanka a kan gwiwoyi, bayanka a miƙe, ka ce "Subhana Rabbiyal Azim". Ka ɗago kana cewa "Sami'allahu liman hamidah", ka tsaya cak ka ce "Rabbana wa lakal hamd". Ka yi kabbara ka tafi sujada: goshi da hanci, tafuka biyu, gwiwoyi biyu da yatsun ƙafa duk a ƙasa, kana cewa "Subhana Rabbiyal A'ala". Ka ɗago da kabbara ka zauna, ka sake sujada ta biyu. Raka'a ɗaya ke nan.

Bayan raka'a ta biyu sai ka zauna ka yi tahiya, wato zikirin da ake karantawa a wannan zama. Idan Asuba ce, ka ƙara da salatin Annabi ka ce "Assalamu alaikum", ka gama. Idan mai raka'a uku ce ko huɗu, ka miƙe bayan tahiya ka cika saura da Fatiha kaɗai, ka sake zama ka yi tahiya da salati, ka sallame. Kafin ka haddace tahiya, ka zauna gwargwadonta kana maimaita kalmar shahada. A mazhabar Malikiyya sunna ce, rashinta bai ɓata sallar mai koyo.

Abin da ba a sassauta shi ba shi ne natsuwa. Wani mutum ya yi salla a masallacin Madina cikin gaggawa, Annabi (SAW) ya ce masa ya koma ya sake domin bai yi salla ba, har sau uku. Da mutumin ya ce iyakar abin da ya iya ke nan, a koya masa, sai aka koya masa: ya yi ruku'u har ya natsu, ya ɗago har ya daidaita, ya yi sujada har ya natsu. Wannan ba ya buƙatar Larabci ko hadda, kana iya cika shi tun sallarka ta farko. Kada ka kwaikwayi masu sauri don ka gan su sun daɗe a cikin addini.

Ban haddace Fatiha ba. Me zan karanta?

Wani sahabi ya zo ya ce ba ya iya riƙe komai daga Alƙur'ani, a koya masa abin da zai isar masa. Annabi (SAW) ya ce ya riƙa cewa: "Subhanallah, walhamdu lillah, wa la ilaha illallah, wallahu akbar, wa la haula wa la ƙuwwata illa billah." Idan wannan ma ya yi maka tsawo a ranar farko, ka riƙe "Subhanallah" ko "Alhamdu lillah" kana maimaitawa a tsaye, sannan ka yi ruku'u.

Hanya ta biyu, wadda malaman Malikiyya suka fi nunawa, ita ce ka bi liman. Karatun liman ya ɗauke wa mamu, wato mai bin sa, saboda haka sallarka a bayansa cikakkiya ce ko ba ka iya harafi ɗaya ba. Ga kuma riba: za ka ji Fatiha a bayyane sau shida kowace rana, biyu da Asuba, biyu da Magariba, biyu da Isha'i. Kunne yana riƙewa kafin harshe. 'Yar'uwar da ba ta zuwa masallaci tana iya bin mijinta ko wani muharraminta musulmi a gida.

Wannan sauƙi na ɗan lokaci ne, koyon Fatiha wajibi ne a kanka. Aya bakwai ce. Ka ɗauki aya ɗaya a rana, ka biya ta a gaban wanda ya iya, abin da ka riƙe ka shigar da shi salla ka cika da tasbihi. Bayan Fatiha sai Ƙulhuwallahu, sai Falaƙi da Nasi, sai Inna a'aɗaina. Da waɗannan za ka yi shekaru kana salla ba tare da wata tawaya ba.

Zan iya riƙe takarda ko waya ina dubawa?

Malamai da yawa sun yi rangwame ga mai koyo, musamman a nafila. Ya fi kyau ka rubuta da manyan baƙaƙe ka liƙa a bango daidai idonka, ko ka ajiye a gefen wurin sujada, don kada hannu ya shagala. Waya tana da matsalar kira da saƙonni. Sai dai rubutun boko ba ya fitar da sautin Larabci yadda yake, don haka takarda ba ta maye gurbin malami. Duba tambaya ta gaba.

Harshena ya kasa wasu haruffan Larabci. Sallata ta yi?

Ta yi, matuƙar kana ƙoƙarin gyarawa. Nana A'isha ta ruwaito cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wahala a kansa, lada biyu gare shi. Hausawan da aka haifa cikin Musulunci su ma sai da aka zaunar da su aka gyara musu haruffan maƙogwaro. Ka nemi mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙa sauraronka minti goma bayan Magariba; ya fi sa'o'i na kallon bidiyo, domin bidiyo ba ya jin kuskurenka.

Za ka kuma ji limamai suna ɗan bambanta a karatu, wani ya ja "Maaliki yaumid din", wani ya taƙaita "Maliki". Ba kuskure ba ne. Ruwayar Warshu ce, wadda makarantun allo suka gada, da ruwayar Hafsu, wadda ta fi yawa a Islamiyyu da bugaggun Alƙur'anai. Duka ingantattu ne. Ka tsaya a kan wadda malaminka yake koya maka.

Zan iya roƙon Allah da Hausa ko da harshen garinmu?

Kabbara, Fatiha da sallama da Larabci ake yin su. Addu'a kuwa bayan sallama, ko a kowane lokaci, ka yi ta da harshen da zuciyarka take magana da shi, babu saɓani a nan. A cikin sujada ma an yi sauƙi ga wanda bai iya Larabci ba. Kada ka bar roƙo don ba ka haddace addu'o'in da kake ji a bakin mutane ba.

Na ga wasu sun riƙe hannu a ƙirji, wasu sun saki. Wasu sallama ɗaya, wasu biyu. Wa ke daidai?

Dukansu sallarsu ta yi. Sakin hannu, wato sadalu, shi ne ya shahara a littattafan Malikiyya da aka daɗe ana karantarwa a ƙasar Hausa; riƙewa, wato ƙabalu, ya zo a hadisai kuma shi ne aikin sauran mazhabobi da malaman Malikiyya da dama. Haka batun karanta Bismillah kafin Fatiha, ɗaga hannu lokacin ruku'u, alƙunutu a sallar Asuba, da lafazin tahiya, wadda aka ruwaito ta da siga fiye da ɗaya daga Umar da Ibn Mas'ud da wasunsu. A Malikiyya babu ɗaya daga cikinsu da yake farilla, kuma manyan malamai sun yi ta bin juna salla a kan wannan bambanci.

Abin takaici ne a ce mutum bai cika mako da musulunta ba, an fara ja masa riga ana cewa kada ya bi wancan masallaci. Masu yin haka ba su kyauta masa ba. Ka zaɓi malami ɗaya da ka natsu da iliminsa da halinsa, ka koyi siga ɗaya har ta zauna maka. Binciken dalilai yana nan zuwa, lokacinsa bai yi ba tukuna.

Ina jin kunyar shiga masallaci, kada in yi kuskure a gaban mutane.

Mu'awiya ɗan Hakam sabon shiga Musulunci ne lokacin da wani ya yi atishawa a sahu, shi kuma ya ce masa "Yarhamukallah" da ƙarfi. Mutane suka zuba masa ido, ya sake magana yana tambayar me ya faru, suka riƙa bugun cinyoyinsu don ya yi shiru. Bayan sallama Annabi (SAW) ya kira shi. Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malami mai kyawun koyarwa kamarsa ba: bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, ya dai sanar da shi cewa maganar mutane ba ta dacewa a cikin salla. Ba a kuma ce ya sake ta ba.

Ka je da wuri, ka gaisa da liman ko ladan, ka ce masa, "Malam, ban daɗe da musulunta ba, ina son a riƙa duba ni." Matambayi ba ya ɓata. Ka cire takalmi, ka shiga da ƙafar dama, ka tsaya a tsakiyar sahu kafaɗa da kafaɗa, ka bi liman a bayansa, kada ka riga shi. Idan wani ya yi maka gyara da kaushin harshe, ka ɗauki gyaran, kaushin kuwa nasa ne. Sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27.

Na iso an riga an fara. Yaya zan yi?

Ka taho a natse, ban da gudu. Ka yi kabbarar harama a tsaye, ka shiga duk halin da ka sami liman. Idan ka riske shi a ruku'u kafin ya ɗago, ka sami wannan raka'a. Idan ya riga ya ɗago, ta wuce ka. Idan ya sallame kada ka sallame, ka miƙe ka cika abin da ya rage. Misali, ka sami raka'ar ƙarshe ta Magariba: ka tashi ka kawo ɗaya da Fatiha da sura, ka zauna tahiya, ka sake kawo ɗaya da Fatiha da sura, ka yi tahiya ka sallame.

Na manta ko raka'a uku na yi ko huɗu. Mene ne ƙabli da ba'adi?

Ka ɗauki mafi ƙaranci, wato uku, ka ƙara ɗaya, sannan ka yi sujada biyu ta rafkanuwa. Ƙa'idar Malikiyya ita ce: idan ragi ka yi, kamar ka manta sura ko zaman tahiyar farko, sai ka yi sujada biyu kafin sallama, shi ne ƙabli. Idan ƙari ka yi, ko ka cika a kan shakka kamar misalin nan, sai bayan sallama, shi ne ba'adi. Farilla kamar ruku'u ko sujada ba a gyara ta da wannan kaɗai, sai an kawo ta. Idan kana bayan liman, ya ɗauke maka mantuwar sunnoni. Wannan babi yana da rassa, kuma littafin Ahalari da ake fara karatun fiƙihu da shi a zaure ya yi masa bayani mai faɗi. Ka karanta shi a gaban malami bayan ƙafarka ta tsaya. Mai yawan kokwanto ya koma amsar da ke kan waswasin alwala, hukuncin ɗaya ne.

Na makara da Asuba, ko aiki ya riƙe ni har lokaci ya fita.

Wanda barci ya kwashe shi ko ya manta, ya yi ta da zarar ya tuna, ko da rana ta fito. Haka hadisin Anas ya ce, kuma babu wata kaffara bayan wannan. Kada ka bar ta sai gobe da Asuba. Aiki kuwa ba ya cikin uzurin fitar da salla daga lokacinta, amma lokutan suna da faɗi, kuma raka'a huɗu ba ta wuce minti bakwai zuwa goma. Ka fita daga gida da alwala, ka san wurin da za ka tsaya tun kafin lokaci ya yi. Idan wata rana ta kuɓuce maka, ka rama, ka nemi gafara, ka yi ta gaba a kan lokaci.

Iyayena ba su san na musulunta ba, ko ba su yarda ba. Yaya zan yi salla a gida?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba kai ka fara ba. Musulman farko a Makka sun yi salla a ɓoye cikin kwazazzabai, suna haɗuwa a gidan Arƙam. Mahaifiyar Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ta ƙi ci ta ƙi sha don ya bar addini. Ba laifi ka ɓoye sallarka idan kana tsoron kora ko cutarwa. Ka yi alwala a banɗaki, ka rufe ɗaki, ka yi karatu a ɓoye ko da Magariba ce, domin bayyanawa sunna ce. Kana iya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta ka yi La'asar a farkon nata, fita ɗaya ta ishe ka. Idan matsin ya wuce haka, ka gaya wa malami halin da kake ciki dalla-dalla, akwai rangwamen haɗa salloli da sauransu gwargwadon larura.

Kada kuma salla ta zama dalilin yanke zumunci daga ɓangarenka. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta ce kada a bi iyaye a kan shirka, amma a zauna da su a duniya da kyautatawa. Asma'u 'yar Abubakar ta tambaya game da mahaifiyarta wadda ba musulma ba, aka ce ta sada zumunci da ita. Ka ci gaba da gaishe su, da yi musu aike, da taimakonsu fiye da da.

Ni mace ce. Yaya salla lokacin al'ada da bayan haihuwa?

Ba kya salla a kwanakin haila da na jinin biƙi, kuma ba kya rama su. Azumin Ramadan ne ake ramawa. Idan jini ya ɗauke, ki yi wanka kamar yadda aka bayyana a amsar wankan musulunta, ki ci gaba. Mafi tsawon haila a Malikiyya kwana 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ana salla da shi. Mai jego ba sai ta jira arba'in ba: ranar da jini ya tsaya, ko bayan mako biyu ne, salla ta dawo kanta. Zikiri, addu'a da sauraron karatu duk suna nan a buɗe gare ki, kuma kwanakin suna da kyau wajen koyon tahiya.

Jikina yana salla, hankalina yana kasuwa. Ina mafita?

Ba wanda ya tsira daga wannan, kuma ba ya ɓata salla. Babban maganinsa sanin ma'anar abin da kake faɗa. Fatiha yabo ce ga Ubangijin talikai, Mai rahama, Mai jin ƙai, Mamallakin ranar sakamako. Sai alkawari, "Kai kaɗai muke bauta wa, Kai kaɗai muke neman taimakonKa". Sai roƙon shiriya zuwa hanya madaidaiciya. Tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi tana samuwa a bugu da kuma a waya. Ka dubi wurin sujadarka, ka rage sauri, kada ka shiga salla fitsari ya matse ka ko abinci yana jiranka kana jin yunwa.

Nafiloli fa, da sallar matafiyi da ta marar lafiya?

Ka fara tsayar da biyar ɗin. Idan sun zauna, ka ƙara raka'a biyu kafin Asuba, da shafa'i da wutiri bayan Isha'i. Ba a nafila bayan sallar Asuba har rana ta ɗaga, haka bayan La'asar har ta faɗi.

Matafiyin da tafiyarsa ta kai kimanin kilomita 80 ko fiye, kamar mai zuwa Zariya daga Kano, yana mayar da Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Asuba da Magariba ba a rage su. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika. Marar lafiya kuwa, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kwance a gefensa. Wanda ke zaune kuma ba ya iya sujada yana nuni da kai, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa, idan ruwa zai cutar da shi kuma ya yi taimama kamar yadda aka bayyana a baya.